Sunan da Hanne Ta Ƙi Faɗa

Zuwa ga Shugaban malaman da suka zo binciken karatun yara a makarantarmu ta Jibiya.

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta abokan aikinka. Ina fata kun koma gida lafiya, hanyar nan tamu mai ramuka ba ta kwance muku mota ba. Mu nan sai godiyar Allah. Ruwa ya yi, gero ya sunkuya, gyada tana ƙasa tana jiran hannu.

Ni ne Tanko mai zango. Na yi shekara talatin ina bin jakuna tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, da gwiwa ta ƙi sai na zauna bakin hanya ina saukar da fatake kafin su ƙetara iyaka zuwa ƙasar Faransa, wato wajen Maraɗi, ko in sun fito daga can. Ban yi boko ba, ajamina ma iyakarsa gaisuwa. Ka yi mini gafara da ban kira sunanka ba. Ranar da ka zo an faɗa mini shi har sau uku, harshena ya ƙi ɗauka. Za ka gani nan gaba cewa wannan takarda duk a kan rashin faɗin suna take, ka ga ashe mun fara da wuri.

Ga kukana a taƙaice. Jikata Hanne tana aji huɗu. Malaminsu, Malam Isiyaku, ya sa sunanta cikin waɗanda za su zauna jarrabawar wucewa makarantar gaba a birni bayan kaka. Da takardar bincikenku ta iso, aka soke sunan. Malam Isiyaku ya zo zango da kansa ya karanta mini abin da kuka rubuta a kanta: tana kiran baƙi daidai, amma ba ta gane abin da ta karanta ba. An ce kuma za a rufe jerin sunayen ƙarshen wata mai kamawa. Saboda wannan na rubuto. Na roƙi a buga takardar nan a jarida ne don na ji kuna da sauran garuruwa a gaba, kuma kowane gari yana da tsofaffi irina, masu shirin ɓata muku aiki da kyakkyawar niyya.

Kafin in shiga, ka sani ban raina aikinku ba. Cutar da kuke nema tana nan, na gan ta da idona. An taɓa liƙa wata sanarwa a ƙofar kwastan, muka samo wani da ya gama makaranta ya karanta mana. Ya gyara hula, ya karanta ta daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba. Da muka ce to, me aka ce mu yi, sai ya sake komawa sama ya karanto ta, da murya mafi ƙarfi. Saboda haka da na ji wasu sun taso musamman don su gano me ke hana yara gane karatu, da yadda za a gyara, na ce Allah ya yi musu albarka. Har yanzu ina faɗa. Sai dai akwai abubuwan da suka faru a ajin su Hanne a gabanka waɗanda ba ka gani ba, kuma ba laifin idonka ba ne.

Na farko, laifina.

Ana gobe za ku zo, ranar Litinin ta biyu bayan Sallar Layya, aka tara mu dattawan unguwa aka ce manyan baƙi suna tafe, a ja wa yara kunne. Da yake bakina ya fi na kowa tsawo, ni aka wakilta. Na shiga ajin da sandata. Na ce musu gobe kada in ga wanda ya ɗaga ido ya dubi baƙo. Kada in ji muryar wani ta hau ta babba. Wanda bai tabbata ba ya yi shiru, shiru bai taɓa jawo wa gari abin kunya ba. Malam Isiyaku ya so ya sa baki, na ce masa ya bari, mu muka haifi iyayensu.

Washegari kuma ba mu tsaya nan ba. Don mu girmama ku, muka kwaso tabarmi muka jeru a bayan aji, mu bakwai, da rawunanmu. Iyaye suka cika tagogi har iska ta rasa hanya. Kai ka ɗauka haka muke yi kullum don son ilimi, na ga ka yi murmushi ka rubuta wani abu. Ranka ya daɗe, tun da aka gina ɗakin nan ban taɓa zama cikinsa ba sai ran nan. Yaran da kuka gwada ba su ne yaran da ke zuwa makaranta kullum ba. Waɗansu ne da na ƙera da hannuna a yini guda, kuma ƙirar ta yi kyau ƙwarai: kun yi tambaya, sun dubi ƙasa. Na koma gida ina alfahari.

Na biyu, abin da ya sami Hanne.

Kun zo da takarda mai ɗan labari, kowane yaro ya karanta sannan a yi masa tambaya. Labarin wani mutum ne da ya sayi akuya a kasuwa, ya ɗaure ta gindin itace ya tafi salla, wani ya zo ya kwance ta ya tafi da ita, daga baya aka kama shi. Kun ba mai akuya suna, kun ba ɓarawo suna.

Sunan da kuka ba ɓarawon nan, sunan uban Hanne ne.

Ba zan rubuta shi a nan ba, don ɗana ne na fari, ni ma tun da aka raɗa masa shi ban taɓa kiransa da shi ba. Uwarsa, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahalicci ba ta faɗe shi ba. Takardar tana hannunku, ku duba. Mu nan ɗa ba ya kama sunan ubansa. In wani ya ci sunan, sai a ce mai sunan Baba. In ana jero sunaye aka zo kansa, sai a kewaye. Ba doka ce da aka rubuta ba, ba kuma wanda ake duka a kanta, amma yaron da ya tashi a gidan mutunci, sunan nan ba ya fita bakinsa, kamar yadda hannunsa na hagu ba ya shiga akushi.

Kila ba ka lura ba, da ta zo wurin sunan cikin karatu, ta yi ɗan tari ta tsallake. Sau huɗu sunan ya fito, sau huɗu ta yi tari. Ina jin ka ɗauka mura ce. Da ta gama, ka ce ta yi ƙoƙari, sannan ka sa tafintanka ya tambaye ta wane ne ya sace akuya.

Ubanta yana tsaye a taga ta biyu, da zaren ɗinki a wuyan rigarsa, don ya baro kekensa ne ya zo ya ga 'yarsa za ta burge Bature. Ni ina bayanta. Mai gari yana kusa da ni. Kuna so yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta buɗe baki a gaban wannan taro ta ce wane ne ɓarawo. Ta sunkuyar da kai. Aka sake tambaya. Ni da nake kusa na ji ta ce, can ƙasan maƙoshi, "Mai sunan Baba." Ba ka ji ba, in ma ka ji, babu wannan amsar a takardarka. Ka jira, kuma na yaba haƙurinka, ka jira har na ƙirga numfashina goma. Sannan ka ce ta zauna. An gaya mini daga baya tsarinku ke nan, wanda ya faɗi tambayar farko ba a yi masa ta biyu.

Tafintan nan naka dattijo ne mai furfura, daga maganarsa Bakano ne. Ya gane. Alƙalaminsa ya tsaya a sama, ya dube ni, na dube shi. Takardarsa gida biyu gare ta, na wanda ya gane da na wanda bai gane ba, babu gidan wanda ya gane amma kunya ta rufe masa baki. Ya ji nauyin ya gyara maka a gaban mutane, ni ma na ji nauyin in gyara wa baƙo. Ka ga mu biyu, da gemunmu, mun yi daidai abin da yarinyar ta yi, amma ita kaɗai aka rubuta wa bai gane ba. Kada ka tuhume shi. In za a tuhumi mai shiru, a fara da ni.

Tun ran nan yara suka sa mata 'yar mai akuya. Uban nata ya mai da abin wasa, ya ce mata da ta faɗa kawai, ai ya yafe, ko akuyar ma da ya gan ta da ya yanka musu. Ba ta yi dariya ba. Ta nannaɗe littattafanta cikin tsohon zane ta tura ƙarƙashin gadon uwarta. Tana zuwa makaranta don ana tura ta, amma Malam Isiyaku ya ce ko ya kira ta karatu sai ta ce idonta yana ciwo. Yarinyar da a da ko takardar ƙunshin sukari ta tsinta a zango sai ta bi ni da ita tana karanta mini, ina korarta.

Na uku, shaidata a kan cewa tana ganewa.

Bara da rani wani Ardo ya sauka wurina da garkensa daga wajen Madarumfa, za su gangara kudu. Suka tarar da takarda a liƙe, kuma jita-jita ta riga su isowa cewa ƙidayar shanu za a yi. Ka san Bafulatani da ƙidaya. Ardo ya ce da asuba za su juya. Ni ban iya karanta ta ba, Malam Isiyaku ya tafi Bugaje gaisuwar rasuwa. Sai Hanne ta zo kawo mini fura. Na ce wa Ardo ga malamarmu. Ya dube ta ya ce wannan ko maraƙi ba ta kai ta tsare ba.

Muka je da ita. Ta karanta a zuci, ba ta ɗaga murya ba, sannan ta juyo ta gaya masa da irin maganarmu ta gida: ba ƙidaya ba ce, allurar rigakafin bushiya ce, annobar shanu, za a yi ta a Daddara. Ardo ya tambaye ta ko da 'yan maruƙa, ta koma ta duba ta ba shi amsa. Ya tambaya ko ana gama allura za su iya wucewa, ta ce a'a, takardar ta ce shanu su huta kwanaki tukuna, don haka in yana da niyyar kama wata kasuwa, ya gyara shirinsa. Wannan na ƙarshe ba a rubuce yake ba, ita ta haɗa shi da hankalinta. Ardo bai juya ba. Da zai tafi ya aiko mata da ƙwaryar nono da man shanu a kai, ni na shanye rabi a matsayin mai masauki.

Na daɗe ina tunanin me ya sa ta amsa wa Ardo tambaya biyu ba gargada, ta kasa amsa maka ɗaya, ko da an ajiye zancen suna gefe, don sauran yaran da ba sunan ubansu ba ne su ma yawancinsu sun yi gum. Ga abin da na gano. Ardo bai sani ba ne ya yi tambaya. Kai kuwa takardar tana hannunka, kowa ya san ka san wanda ya saci akuya. A gidajenmu, babba ba ya tambayar yaro abin da ya riga ya sani sai in faɗa ne ke tafe. In na tsaya kan fasasshiyar randa na ce wa ya fasa wannan, ba labari nake nema ba, kuma yaron da ya yi saurin amsawa shi zai fara shan carbi. 'Ya'yanmu sun koyi wannan tun kafin su koyi baƙi. Da ka yi tambaya, fuskarka a sake, su suna jiran su ga inda bulalar za ta fito.

Na huɗu, ɗan abin da nake da shi na taimako, in za ku karɓa daga jahili.

Kakata ta wajen uwa, Tabawa, ita ta rene ni, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ta tatsuniya ba. Ba ta taɓa ce mana me kuka gane ba. In tana so ta san wanda ke tare da ita, sai ta ɓata labarin da gangan. Jiya kura ce ta faɗa rijiya, yau sai ta ce zomo ne, fuskarta ko gezau. Nan take wuri ya rikice, kowa yana cewa ba haka ba ne, har da masu kama mata zane. Sai ta ce to ita ta tsufa, a tuna mata. Mu kuwa mu yi ta rige-rigen gyara mata, da yadda aka yi, da dalilin da ya sa zomo ba zai faɗa ba. Wanda ya yi shiru, shi ta san an bari a baya, gobe sai ta zaunar da shi kusa da ƙafarta. Yaron da ba zai amsa tambayar babba ba, zai gyara wa tsohuwar da ta manta, don wannan taimako ne, ba rashin kunya ba.

Sati biyu bayan tafiyarku na koma ajin nan, ba sanda, ba rawani, ba kowa a taga. Hanne ba ta zo ba ran nan, ta ce idonta. Na ce wa yaran ran da baƙi suka zo kunnena bai ji da kyau ba, amma ga abin da na tsinta: wai wani ya sayi akuya, ya tafi da ita cikin masallaci, mai itace ya zo ya sace ta, ba a kuma kama kowa ba. Ranka ya daɗe, da kana nan da ka toshe kunne. Waɗanda suka zama duwatsu a gabanka suka miƙe tsaye. Wannan ya ce ba a shiga masallaci da akuya, ɗaure ta ya yi. Wancan ya ce ai an kama shi, ya kawo ta kasuwar da aka saye ta. Wata 'yar ƙarama daga Magama ta ce ɓarawon ma wawa ne, da ya ƙetara da ita Faransa wa zai gan shi. Na ce mata wannan dabara ta bar ta a cikinta, duwan, 'yan kwastan na can, suna da kunne. Malam Isiyaku ya jingina da allo yana dariya har da hawaye. Ba duka ba ne suka yi magana, akwai uku ko huɗu da suka yi ta raba ido, waɗannan su ne masu cutar da kuke nema, kuma yanzu malaminsu ya san su. Ya ce tun daga ranar haka yake yi musu bayan kowane karatu.

Ban ce wannan ya fi ilminku ba. Ku kuka san yadda ake auna abu a rubuta. Na dai ce wanda zai auna hatsi ya fara duba ko bakin buhun a ɗaure yake.

Ga roƙona.

A mai da sunan Hanne cikin masu zama jarrabawa kafin a rufe jerin. Ban ce a ba ta makaranta kyauta ba. A bar ta ta zauna, in ta faɗi da hannunta, mu ce haka Allah ya so. In kuma sai an sake gwada ta, a aiko wanda zai gwada, mu tsofaffi na yi alkawari ran nan za mu tafi gona, da masu gonar da marasa ita.

Kafin ku ba yaro labari mai ɓarawo, ku tambayi malaminsa sunayen iyaye, ko ku bar ɓarawon ba suna, ai ɓarayin gaske ma ba sa faɗin nasu. In yaro ya ce mai sunan Baba, a karɓa, amsa ce cikakkiya.

Ku ƙara gida na uku a takardarku. Ku kuma gaya wa tafintanku, tun a mota, cewa in ya gyara muku ba zai zama rashin ladabi ba.

Dattawan garuruwan da ke gaba kuwa, ku 'yan'uwana, in an ce baƙi suna tafe, ku share fili, ku kai musu ruwa, ku koma gida. Kada ku ja kunnen kowa.

Saura abu ɗaya. Ka ji na ce ban yi boko ba, kila kana tambayar wa ya rubuta wannan. Malam Isiyaku ya ce zai rubuta, na ce a'a. Na kira Hanne na ce amarya, mijinki ya tsufa, hannunsa yana rawa, ga shi yana da takarda zuwa ga manya. Ta ce in nemi wata amaryar mai lafiyar ido. Na ce duk sun ƙi ni saboda haƙora. Da ƙyar ta jawo zanen nan daga ƙarƙashin gado ta ciro alƙalami. Kwana uku muna yi, bayan la'asar, ina faɗa tana rubutawa, kamar ba labarinta ake ba.

Da muka zo wurin labarin takardarku, sai na ce mutumin ya sayi rago a kasuwa. Alƙalami ya tsaya. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba, na ce ya ɗaure ragon gindin itace.

Ta ce, "Kaka, akuya ce."

Na ce rago dai nake tunawa. Ta ajiye alƙalami ta ba ni labarin tun daga kasuwa har gaban alƙali, ba ta bar komai ba sai suna guda. Ta ƙara da cewa wanda ya tsara labarin bai taɓa kiwo ba, don ya ce mai akuya ya gane abarsa da launinta, alhali jajayen awaki sun fi ɗari ran Lahadi a kasuwar Jibiya, da tsagar kunne ake ganewa. Na ce ta rubuta wannan ma. Ta ce ba kyau a gyara wa baƙo. Na ce ni na koya mata haka, kuma na janye.

Saboda haka duk rubutun da ke gabanka nata ne, gyaran akuya ma nata ne. Ta ce in gaya maka idonta ya warke. Ka duba ka yi hukunci.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa aikin nan naku ya amfani 'ya'yanmu da jikokinsu, ya kai ku kowane gari lafiya ya komo da ku lafiya. Allah ya sa ka sami wannan takarda da sauran kwanaki a wata. Muna bakin hanya, duk motar da ta tsaya sai Hanne ta leƙa.

Wassalam.

Ni ne naka,
Tanko mai zango, Jibiya.